Zubar fitsari ba da niyya ba: pad, matse-saki, ƙwaya ko tiyata, wanne ne naki?

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman mu na nan Legas. Maganar nan na daɗe ina juya ta a raina kafin in zauna rubuta ta, domin abu ne da ko a gidan suna inda muke baje komai a faifai ba a cika taɓo shi ba. Za a yi hirar naƙuda a yi ta ɗinki a yi ta kayan gyara, amma da wuya kiji wadda ta buɗe baki tace ni fa tun haihuwar yaron nan in nayi atishawa sai na sake wando. Alhali in kika ja mace gefe kika fara faɗa mata naki, sai kiga ta sauke ajiyar zuciya tace wallahi nima haka nake fama.

Ni nawa ya fito fili ne bayan haihuwa ta huɗu. Sana'ar atamfa da leshi nake, daga Balogun nake sarowa in kawo Agege, to ranar muna cikin danfo a kan gadar Third Mainland goslo ya riƙe mu, wata tsohuwar bas a gefenmu ta buso mana hayaƙi ta taga, tari ya sarƙe ni, ina yin na biyu naji ɗumi ya bi cinyata. Ba ɗigo ba, har siket. Ga maza hagu da dama ga ƙullin kaya a kan ƙafata, haka na zauna kamar an dasa ni har Oshodi, sai da kowa ya sauka sannan na ja hijabi na rufe bayana na fito. Ranar ina wanka ina kuka. Daga nan na kwashe kusan shekara 2 ina gwaje-gwaje ni kaɗai ko maigidan ban faɗa wa ba, kuma abubuwan da na gwada ɗin nan da waɗanda na gani a jikin 'yan uwana su nake so in ajiye miki gefe da gefe, ki duba wanda ya dace da ke kafin ki zubar da kuɗinki kamar yadda na zubar da nawa.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma shi ya fi cin min kuɗi, zubar fitsarin nan ba iri ɗaya bace. Irin nawa shi ne wanda yake kufcewa in ciki ya samu nauyi: tari, atishawa, dariya, ɗaga jarkar ruwa, tsallake kwata, dirowa daga mota. Bakya ma jin fitsarin, sai dai kiji jiƙa. Akwai wata tsoka a ƙasan ƙugu da take tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji kamar yadda majanyi yake tallafe goyo, to ciki da haihuwa, balle a kusa-kusa, da doguwar naƙuda da ƙiba da tari mai naci da yawan yunƙurin bayan gida duk suna sa majanyin nan ya saki. Ga shi hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita 4 kacal, abu kaɗan ya danno daga sama ya fito.

Na Goggona da ke Idi-Araba daban ne. Ita ta haura 60 kuma tana da suga, nata matsuwa ce take zuwa mata farat ɗaya, tana jin ƙarar famfo ko ta sa hannu a ruwan alwala mai sanyi shikenan kafin ta kai banɗaki ya zubo, da daddare kuma ta tashi sau 4 sau 5. Wannan mafitsarar ce take matse kanta tun bata cika ba. Wasu matan duka biyun suke haɗawa. Sai na uku wanda shi muka fi sani da suna yoyon fitsari, shi ba ruwansa da tari ko matsuwa, dare da rana zuba yake ko kina kwance, saboda huji ne ya samu tsakanin mafitsara da gaba. Kinga kenan abin da zai warkar da ni ba lallai ya yi wa Goggo komai ba, mai yoyo kuma duk namu ba nata bane.

Bari in fara da abin tarewa tunda shi kowa take fara kamawa. Ni da ƙunzugu na fara, tsohon zani mai laushi na yayyanka. Amfaninsa ɗaya ne, ba kya kashe ko kwabo, kuma in ɗigo ne kaɗan kina gida kina iya canzawa duk bayan awa biyu to zai riƙe ki. Amma tsumma baya janye ruwa daga fata, jiƙar tana manne da ke, cikin zafi da gumin Legas kafin azahar cinya ta fara saɓewa ga zarni. Wanki kuma shi ne babbar matsalar, mu da muke gidan haya igiyar shanya ɗaya ce ta kowa da kowa, ina zaki baza tsummokara goma kullum ba a fara tambaya ba? Da damina kuma kwana biyu basu bushe ba, ki shanya a ɗaki su yi warin danshi, ki sa su haka su jawo miki ƙaiƙayi.

Daga nan na koma audugar al'ada, irin su Always, kuma nasan mafi yawanmu a nan muke tsayawa saboda ita ake samu a kowane shago kuma ba kunya wajen saya. Gaskiyar magana ba don fitsari aka yi ta ba. Jini yana da kauri kuma a hankali yake sauka, shi kuwa fitsari ruwa ne tsararo yana zuwa lokaci ɗaya, sai ya bi ta gefe kafin audugar ta shanye, wanda ta shanye kuma in kin zauna ya dawo sama, kuma bata kashe zarni. In naki ɗigo biyu uku ne a wuni zata iya yi miki, in ya wuce haka zaki ga kina cinye 5 ko 6 a rana, arahar ta tashi a banza kenan.

Pad ɗin da aka yi don fitsari, irin su Tena da makamantansu, a manyan famasi ake samunsu ko wajen 'yan sari a Idumota. A ido kamar ɗaya suke da na al'ada amma a ciki akwai wani gari da yake zuƙe ruwa nan take ya mai da shi kamar kamu ya riƙe, saman ya zauna a bushe, warin ma ya ragu sosai. A jikin ledar zaki ga an zana ɗigo-ɗigo, yawan ɗigon shi ne yawan abin da zai iya sha, kar ki sayi mafi kauri don tsoro, ki fara da matsakaici ki gani. Ɗaya ya fi na al'ada tsada babu musu, amma ni dai 2 ko 3 suna kai ni dare. Sai dai ki yi lissafi da kyau, 3 a rana 90 kenan a wata, sama da 1,000 a shekara, kuma ranar da kika daina saya matsalar tana nan inda kika barta. Shi ya sa ni a wajena pad abin rufin asiri ne na fita kasuwa da tafiya da biki, ba magani bane.

Pampas na manya kuma kala biyu ne, akwai mai manne a gefe wanda ya fi dacewa da mara lafiyar da ke kwance ana juya ta, akwai mai kamar wando da zaki ja da kanki. Ga mai zuba da yawa irin Goggo, ko dare, ko tafiyar mota daga Legas zuwa Kano da ake kwana a hanya, mai wandon nan babu kamarsa. Illarsa zafi da tsada, sannan in kina waje sai kin cire komai kafin ki canza, ga neman inda zaki jefar. Goggo da farko ƙi tayi fur, tace min "ke 'yar nan ni zaki ɗaura wa abin jarirai?" nace Goggo ki gwada na dare kawai ki samu barci, katifarki ma ta huta. Sai da ta kwana uku bata shanya katifa ba sannan ta daina faɗa. Wata dabara da naga mata suna yi ita ce yanka pampas ɗin yara gida biyu, don Allah a daina, in kin yanka garin cikin yana zubowa ya manne a gaba. Kuma ko wanne kika zaɓa, in kin cire ki wanke da ruwa zalla ki tsane sosai, ki shafa Basilin ko man da ake shafa wa jarirai na saɓar pampas siriri ba da yawa ba, banda turare banda hoda a wajen.

Kuskuren da na fi daɗewa a kai shi ne ƙin shan ruwa. Ranar da zan shiga Ailan, can inda kasuwar Balogun take, tun asuba bana sa ruwa a bakina har in dawo, ina ganin dabara ce. Abin da na samu ciwon kai, bayan gida mai tauri, fitsari ja mai wari da zafi, kuma fitsarin da ya yi kauri haka ƙara tsokanar mafitsara yake, yunƙurin bayan gida kuma ƙara sakin tsokar yake. Mafitsarar babba tana ɗaukar kamar mililita 400 zuwa 600, wato kusan ledar fiya wata ɗaya, kuma a wuni jiki yana son kamar leda 3 zuwa 4, in dai likita bai ƙayyade miki ba saboda zuciya ko ƙoda. Abin yi shi ne ki rarraba, kurɓi-kurɓi, ba ki ɗaga leda biyu lokaci guda ba, kuma ki tsagaita awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Abin da ya kamata ki rage shayi ne mai kauri da Nescafe da lemon kwalba baƙi da goro, eh goro ma, duk sinadari ɗaya ne a cikinsu mai tunzura mafitsara. Goggo goronta ya fi abincinta, rage shi kaɗai ya rage mata tashin dare.

Sai batun kemis da masu maganin mata, nan ma na zuba kuɗi. Wani mai kemis a unguwarmu ko tambayata bai gama yi ba yace ciwon sanyi ne, ya haɗo min kafso da allurai, sau uku ina komawa yana canza kala, babu gwajin fitsari ko sau ɗaya. Gaskiya ne ciwon sanyi na mafitsara yana kawo matsuwa da zafin fitsari har da kufcewa, kuma in shi ne magani yana kashe shi cikin kwanaki, amma da gwaji ake ganewa, kuma in tsoka ce ta saki ko buhun kafso kika sha ba abin da zai canza. Haka maganin matsi da alif da zama cikin ruwan bagaruwa, fatar waje suke tamukewa na ɗan lokaci kiji kamar an samu canji, tsokar da ke can ciki bata san ana yi ba, wasu ma ƙona wajen suke su bar ki da bushewa da ƙaiƙayi. Ban hana kowa ruwan ɗuminta na jego ba, amma kar ki ɗauka shi zai tsayar da fitsari.

Abin da ya yi min aiki, kuma shi ne wanda na fi rainawa da farko, motsa tsokar ne, ni matse-saki nake ce masa, a asibiti Kegel zaki ji suna cewa, sunan wani likitan mata ne na Amurka, Arnold Kegel, da ya fito da tsarin a 1948. Da na gaji na je babban asibitin gwamnati na yanki kati, aka gwada fitsari ba komai, likita ta duba ni tace in yi tari ta gani da idonta, sai ta tura ni sashen fiziyo, masu yin magani ta hanyar motsa jiki. Wallahi raina ya ɓaci, ina ganin na biya kuɗin mota na bi layi tun safe a ce ba ko ƙwaya ɗaya. Ashe a can ne maganin yake. Ma'aikaciyar ta sa na kwanta na lanƙwasa gwiwa tace "Maman yara, ki yi kamar iska zata kufce miki a cikin mutane kina riƙewa, sannan ki haɗa da gaba ki ja sama." Na yi, tace a'a ɗuwawu kika matse. Na sake, tace yanzu kuma numfashi kika riƙe kina turowa ƙasa. Sai a karo na huɗu ko na biyar tace yawwa, ita ce wannan. Wannan ya sa nake cewa in da hali ki je a nuna miki ko sau ɗaya ne, mata da yawa suna wata da watanni suna matse cinya da ciki suna cewa abin baya aiki.

Yadda ake yi: ki matse ki ja sama ki riƙe kina numfashi yadda kika saba, ki saki gaba ɗaya ki huta daidai tsawon da kika riƙe, ki sake. Ni da farko daƙiƙa 3 ma da ƙyar, a hankali har na kai 10. Aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a rana, a ƙarshe ki ƙara da masu sauri matse-saki matse-saki kamar goma. Kuma ba sati ɗaya ba, wata 3 cur ake so kafin ki yanke hukunci ya yi ko bai yi ba. Ni da salla na ɗaure shi don kar in manta, in na idar da asuba da la'asar da isha ina zaune a kan sallaya sai in yi abina, ba wanda ya san me nake. Da na iya, a shago ma ina yi, a cikin jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara jigila a 2024 ma, in na hau daga tashar Agege zuwa Oyingbo, ina yi. Abu biyu ki kiyaye, kar ki mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama motsa jikinki, yana hana mafitsara juyewa duka, sannan ki koyi matsewa kafin tari ko atishawa ko ɗaga kaya, wannan dabarar ita ta fara ceto na tun ƙarfin bai gama zuwa ba. Sati shida na farko banga komai ba har na kusa bari, wajen wata na biyu na lura pad ɗin safe yana kai ni la'asar a bushe, yanzu sai mura ta kama ni ko zan yi doguwar tafiya nake sawa. In na yi sakaci na bar shi wata guda kuma ɗigon yana fara leƙowa, wato abu ne na ci gaba. Na kuma rage ƙiba kaɗan na gyara cikina da ganye da gwanda da lemo, ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki mai ƙiba ta sauke ana ganin bambanci.

In kika ɗora shi a sikeli da pad, matse-saki kyauta ne, ba illa, mai ciki da mai jego duk suna yi, kuma tushen matsalar yake gyarawa, amma yana son naci kuma baya rufa miki asiri gobe da safe. Pad yana rufa asiri yau amma baya gyara komai. Don haka ba zaɓi bane tsakanin biyun, a wata ukun farko tare zaki riƙe su.

Ita Goggo matse-saki ya ɗan taimaka mata amma ba shi ne babban maganinta ba, nata horar da mafitsara aka ce. Aka sa muka rubuta na kwana 3, duk lokacin da ta sha abu da lokacin da ta zaga da lokacin da ya kufce, jikarta ce mai rubutun a bayan littafin makaranta, sai ga shi kusan duk minti 40 take zagawa, rabi ma don tsoro ne ba don ya cika ba. Aka ce in matsuwar ta zo kar ta ruga, ta tsaya cak ko ta zauna ta matse sau biyar shida har guguwar ta lafa sannan ta taka a hankali, kuma duk sati ta ƙara kamar minti 15 a tazarar har ta kai awa 3, aƙalla sati 6 ana yi. Gudun nan da muke yi zuwa banɗaki shi yake ƙara zubo da shi. A gidan haya mai banɗaki ɗaya da layi da safe wannan ba ƙaramin aiki bane, shi ya sa muka ajiye mata fo mai murfi a ɗaki. Aka kuma daidaita mata suga, domin suga in ya hau shi kansa yawan fitsari yake sawa, aka mai da ƙwayar hawan jininta mai sa fitsari ta koma ta safe.

Ƙwaya kuma akwai, amma ki sani ta masu matsuwa ce, ba ta masu tari da atishawa irina ba. Oxybutynin ita ce tsohuwa mai sauƙin kuɗi, tana kwantar da mafitsara amma tana busar da baki ƙwarai ta taurara bayan gida, tsofaffi kuma tana iya rikita musu tunani. Solifenacin danginta ce, sau ɗaya a rana, ta fi ta tsada. Mirabegron bata cika busar da baki ba amma tana iya ɗaga jini, mai hawan jini sai da awo. Duk cikinsu sai an yi kamar wata guda ake ganin cikakken aikinsu, kuma ba abin da zaki aiki yaro kemis ya sayo bane, mai hawan ruwan ido ko wadda fitsarinta baya fita duka zasu iya yi mata illa. Matan da al'ada ta ɗauke musu kuma wani lokaci man istirojin, wato sinadarin jikin mace, na shafawa a gaba likita yake rubutawa saboda bushewar wajen. A ganina horon ya fi ƙwaya zama abin farawa, ƙwayar ta zo a matsayin ƙari in horon bai isa ba.

To in an yi wata ukun da gaske ba canji fa? Nan ake maganar zobe da tiyata. Zoben na roba ne mai laushi, likita take auna wanda ya yi miki ta sa a gaba ya tallafi wuyan mafitsara, yana da kyau musamman ga wadda take jin kamar wani abu yana saukowa ko mahaifa ta zazzago. Ba yanka ba kwanciya, in bai yi miki ba a cire, kuma mai son ƙarin haihuwa zata iya amfani da shi, sai dai dole ki riƙa komawa duk bayan 'yan watanni a duba a wanke ko a canza, wasu yana kawo musu ruwa-ruwa. Tiyata ita ce mafi ƙarfi ga irin nawa in ya yi tsanani, ko a ɗaga wuyan mafitsarar da ɗinki, ko a yi mata majanyi da jijiyar jikinki, ko da wata ragar roba. Ragar nan ki yi tambaya sosai a kanta, a Ingila an dakatar da sa ta tun 2018 saboda matan da ta bari da ciwo mai naci. Bayan aikin wasu fitsari yana musu wuyar fita na ɗan lokaci, wasu sabuwar matsuwa ta taso, kuma an fi so a yi bayan kin gama haihuwa don wani cikin yana iya warware aikin. Ga kuɗi ga hutun makonni ba ɗaga kaya, ga mai sana'a wannan ma lissafi ne. Masu wannan aikin a nan sai manyan asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, yawanci da takardar turawa daga ƙaramin asibiti.

Amma 'yar uwa in naki zuba yake ba tsayawa, kuma ya fara ne bayan doguwar naƙuda ko bayan tiyatar haihuwa ko cire mahaifa ko yankan gishiri, ki ajiye duk abin da na faɗa a sama, ba matse-saki ba ƙwaya ba rubutu, huji ne kuma ɗinke shi ake. Wata yarinya a layinmu da aka kawo aure daga gida ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, jaririn bai zo da rai ba, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɓalle, wata 7 tana ƙunshe a ɗaki kan leda ana cewa jinnu ne. Da ƙyar muka shawo kan mijin aka kai ta Katsina, cibiyar Babbar Ruga inda likitan nan ɗan Holan Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana wannan aikin, kyauta aka yi mata, kuɗin mota da abinci kawai aka haɗa, yau ga ta nan tana soya awara a ƙofar gida. Akwai irin cibiyar a Ningi da Abakaliki, akwai ta Laure a asibitin Murtala na Kano. Kuma in an je da wuri, a makonnin farko, ƙaramin huji wani lokaci robar fitsari kawai ake sawa na wasu makonni ya haɗe da kansa. Haka in kika ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsarin ya ƙi fita sai ɗigo mara ta kumbura, ko abin ya zo kwatsam tare da ciwon baya da mutuwar ƙafa, wannan na asibiti ne a ranar.

Batun salla shi ya fi damun yawancinmu fiye da jiƙar ma, ni akwai lokacin da nake sake alwala sau uku a salla ɗaya ina ta waswasi. Malamar islamiyyarmu ce ta zaunar da ni ta buɗo min Risala inda aka ce mai zubar fitsari ba da niyya ba an so ta yi alwala ga kowace salla, tace a mazhabarmu ta Malikiyya in zubar tana ɗaukar rabin lokaci ko fiye to bata karya alwala, in kuma jefi-jefi ne tana karyawa sai ki sake. Ki kai wa malamarku naki yadda yake ta faɗa miki hukuncinsa, amma kar ki bar salla ko ki daina zuwa islamiyya saboda wannan.

Da za a mai da ni ranar danfon nan, washegari zan sayi pad na fitsari ƙaramin fakiti don fita, in ɗauki biro in rubuta kwana ukun nan, me na sha, ƙarfe nawa na zaga, me nake yi lokacin da ya kufce, in ɗauki takardar in tafi asibiti in nemi gwajin fitsari da na suga, in kuma roƙa a tura ni fiziyo. In kunya ta hana ki faɗa da baki, miƙa wa likitar takardar kawai, ita zata fara tambayar. Ki tafi da buta ƙarama da wandon canji da baƙar leda a jaka saboda layin yana iya kai ki azahar.